Ƙarin Ciki Mai Ɓuya a Bayan Olsa, Zawo da Farfaɗiya

 Wannan shi ne shirinmu na kiwon lafiya daga nan Abuja. Ina gaida na Kubwa da Nyanya, na Gwagwalada da Kuje, na Bwari, Kwali da Abaji, da duk wanda muryata ta iske, ko yana gida ko yana cikin cunkoson motoci a hanyar Mararaba.

Yau za mu yi magana kan wata cuta da ba kasafai ake samunta ba. Na faɗa tun da wuri, ba kasafai ake samunta ba, don kada hankalin kowa ya tashi. Wani irin ƙari ne da ke fitowa a cikin ciki. Likitoci na kiransa ƙarin niyuro-endokirin, a takarda kuma sukan taƙaita shi da haruffa uku: N, E, T. To idan ba a cika samunsa ba, me ya kawo maganarsa? Saboda ya iya ɓuya. Yakan zo da kamannin olsa. Yakan zo da kamannin taifot, ko farfaɗiya, ko hawan jini. Sai mutum ya shafe shekaru yana shan maganin ciwon da ba shi ke damunsa ba, alhali wannan ƙarin yana cikin waɗanda aka fi iya shawo kansu idan an gano su.

Shirin namu kashi huɗu ne. Za mu ji mene ne wannan ƙari, sannan alamominsa, sannan gwaje-gwajen da ake yi, daga ƙarshe magani da inda za a nufa a nan Abuja.

Mu fara da kashi na farko. Mene ne wannan ƙari?

A bangon tumbinka da na hanjinka, da kuma cikin wata tsoka da ke kwance a bayan tumbi mai suna fankiriyas, akwai wasu ƙananan ƙwayoyin halitta a warwatse, ido ba ya ganinsu. Aikinsu shi ne zuba sinadaran saƙo a cikin jini, waɗanda ake kira homon. Ka ci tuwo, suga ya hau a jininka, sai wasunsu su saki insulin ya sauko da shi. Abinci ya shiga tumbi, sai wasu su saki gastirin, shi ke sa tumbi ya zubo ruwan tsami mai narkar da abinci. Wasu kuma a hanji suna sakin sirotonin, mai sa hanji motsi. Kowanne da lokacinsa, kowanne da gwargwadonsa, kamar famfo: a buɗe idan ana buƙata, a rufe idan an gama. Idan waɗannan ƙwayoyi suka yi ta hayayyafa babu tsari har suka dunƙule suka zama ƙari, wani lokaci kan famfon ne ya lalace. Homon ya yi ta zuba, ko ana buƙata ko ba a buƙata.

Ba kowane irin wannan ƙari ke zuba homon ba. Da yawansu shiru suke girma, sai an yi hoton ciki saboda wani dalili daban a ci karo da su, ko kuma sai sun toshe hanji.

Na san tambayar da ke bakinku: shin kansa ce? Wani likita Bajamushe mai suna Siegfried Oberndorfer ya bayyana irin waɗannan ƙananan ƙari na hanji a 1907, ya ɗauka ba su da illa saboda tafiyar hawainiya suke yi. Daga baya aka gane suna iya bazuwa, musamman zuwa hanta. Don haka a yau ana lissafa su cikin dangin kansa, amma mafi yawansu masu jinkirin girma ne. Mutum na iya rayuwa da su shekaru masu yawa, yana harkokinsa. A Amurka, inda suke da ƙididdiga mai tsawo, a 1973 ana samun kusan mutum 1 cikin 100,000 a shekara. Zuwa 2012 adadin ya kai kusan mutum 7. Babban abin da ya kawo wannan hauhawa shi ne na'urorin hoto da na leƙa ciki sun ƙaru, ana ganin abin da a da ake wucewa.

Masu kallon finafinan Indiya za su tuna jarumi Irrfan Khan. A Maris na 2018 ya sanar wa duniya cewa an same shi da irin wannan ƙari, ya yi jinya a Landan, ya rasu a Afrilun 2020. Steve Jobs, na kamfanin Apple, an gano nasa a fankiriyas a 2003, ya rayu har Oktoban 2011. Ke nan ba cutar wata ƙasa ko wani jinsi ba ce.

Yanzu kashi na biyu, alamomi. A nan za mu ɗan daɗe, ku gyara zama.

Mu ɗauki misalin wani matashi mai shago a kasuwar Wuse. Ba shi da ciwon suga, ba ya shan maganin suga. Amma duk ranar da ya fito bai karya ba, kafin azahar sai gumi ya keto masa. Hannu na rawa, zuciya na bugawa, ido na ganin dishi-dishi. Ya fara magana ba kan gado, ya kasa ba da canji, wani lokaci ya yi faɗa da abokin ciniki ba gaira ba dalili. A watan azumi abin ya fi tsanani, har ya yanke jiki ya faɗi. 'Yan uwa suka ce iska ce, aka tafi ruƙya. Wasu suka ce farfaɗiya ce, aka sayo maganin farfaɗiya. Wasu ma suka fara raɗe-raɗin ko ya fara shaye-shaye. Amma akwai abin da kowa ya gani, ba wanda ya tsaya a kansa: da zarar an ba shi kunu mai suga ko lemon kwalba, cikin 'yan mintoci sai ya dawo garau, ya ce bai san abin da ya faru ba.

Wannan shi ne hoton ƙarin da ake kira insulinoma, wato ƙarin fankiriyas mai zuba insulin ba ƙaƙƙautawa. Suga ya yi ƙasa, ƙwaƙwalwa ta rasa abincinta, hankali ya gushe. Wani likitan tiyata Ba'amurke, Allen Whipple, ya tsara sharuɗɗa uku na gane wannan matsala a 1938, har yau da su ake aiki. Na ɗaya, alamomin su zo. Na biyu, a auna suga a daidai lokacin a same shi ƙasa sosai, ƙasa da 55 a ma'aunin miligiram, ko ƙasa da 3 a ma'aunin milimol. Na uku, a ba da suga alamomin su tafi. Zan maimaita: alamomi su zo, a auna a ga suga ya faɗi, a ba da suga mutum ya farfaɗo.

Ku lura da kalmar "a daidai lokacin". Idan an kai shi asibiti washegari bayan ya ci ya ƙoshi, suga zai fito lafiya lau, a ce ba komai. 'Yar na'urar auna suga da ake ɗiga jinin yatsa tana nan a kusan kowane kemis, kuma gidaje da yawa suna da ita. Ni ban ce a bar addu'a ba. A yi addu'a, a kuma auna suga. Idan mutum yana cikin hayyacinsa, a ba shi abin sha mai zaƙi. Idan ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, zai iya shaƙewa. A garzaya da shi asibiti. Shi wannan ƙari, kusan 9 cikin 10 ba sa bazuwa, yawanci bai kai santimita 2 ba, kuma idan aka cire shi da tiyata mutum ya warke ke nan. Abin takaici ne a ce an yi shekaru ana kallon mutum a matsayin mai taɓin hankali saboda abin da tiyata ɗaya za ta raba shi da shi.

Sai dai a kula. Abin da ya fi jawo faɗuwar suga shi ne maganin ciwon suga da ya yi yawa, ko an sha ba a ci abinci ba, ko zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Likita zai fara kawar da waɗannan kafin ya yi tunanin ƙari.

Misali na biyu, wata uwa a Nyanya, ta haura shekara hamsin. Zawo ruwa-ruwa, sau da yawa a yini, har cikin dare yana tashinta. Ko ba ta ci komai ba, zawon bai tsaya ba. Wata da watanni. Duk zuwa kemis sai a ce taifot ce, a ba ta Flagyl da wasu ƙwayoyi, ta samu sauƙin kwana biyu, abu ya dawo. Tare da haka akwai wani zafi da ke taso mata a fuska da wuya da ƙirji, ya yi 'yan mintoci ya lafa, musamman bayan ta ci abinci mai yaji ko ranta ya ɓaci. Littattafan likitanci suna cewa fuska takan yi ja. To a fatarmu ta baƙaƙe ba lallai a ga jan ba. Zafin za ta ji, ido ya kaɗa, fuska ta ɗan ƙara duhu. Saboda shekarunta, kowa zai ce ɗaukewar al'ada ce. Bambancin da likitoci ke lura da shi shi ne, zafin wannan ƙari sau da yawa busasshe ne, babu gumi, kuma ga zawo a tare da shi. Wasu har numfashinsu na yin ƙara kamar masu asma.

Wannan tarin alamomi ana kiransa kasinoyid, kuma sirotonin ne ya yi yawa a jini. Yawanci hanta ce ke lalata sirotonin da ya fito daga hanji, don haka idan alamomin suka bayyana, sau da yawa ƙarin ya riga ya taɓa hanta. Kada wannan ya karya muku gwiwa, ko a wannan mataki akwai magani mai tsayar da zawon. Haɗarin jinkiri shi ne, sirotonin mai yawa na lalata ƙofofin jini na ɓangaren dama na zuciya, ƙafafu su kumbura, numfashi ya yi wuya.

Saura iri biyu, zan wuce su da sauri. Akwai olsar da ba ta jin magani: gyambo fiye da ɗaya, a warkar ya dawo, ga zawo, wani lokaci aman jini ko baƙin bayan gida. Likitoci biyu a Amurka, Zollinger da Ellison, suka bayyana ta a 1955, kuma ƙari mai zuba gastirin ne ke jawo ta. Mafi yawan olsa a ƙasar nan ba wannan ba ce. Ƙwayar cuta mai suna H. pylori ce, ko yawan shan magungunan ciwon jiki. Amma wanda ya shekara biyu, uku yana sayen maganin olsa omifirazol da kansa, ba a taɓa leƙa cikinsa ba, ya yi wa kansa adalci ya ga likita. Akwai kuma ƙarin 'yar tsokar da ke saman ƙoda, mai zuba adirenalin. Shi hawan jini yake kawowa a guguwa: ciwon kai mai tsanani, gumi sharkaf, bugun zuciya, sannan ya lafa. Bai kai mutum 1 cikin 100 na masu hawan jini ba, amma idan matashi ne, ko an haɗa magunguna uku jinin ya ƙi sauka, ya kamata a bincika.

Abin da ya haɗa dukansu: ciwo ne mai zuwa ya tafi, ya sake dawowa, kuma maganin da aka saba ya kasa. Mai zuwa ya tafi ya dawo, maganin da aka saba ya kasa.

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne kan ƙarin niyuro-endokirin na ciki. Mun shiga kashi na uku, gwaje-gwaje.

Gwaji na farko bakinka ne. Samu ɗan littafi ka riƙa rubutawa: yaushe abin ya zo, ƙarfe nawa, me ka ci, minti nawa ya yi, me ya sa ya lafa. Likitan da ke da layin mutum hamsin a ƙofa zai fi gane ka da wannan littafi fiye da "wallahi likita jikin ne dai ba daɗi".

Daga nan sai jini da fitsari. Mai zawo da zafin fuska akan ba shi galan ya tara fitsarin awa 24, a auna wani sinadari mai suna 5-HIAA, wato ragowar sirotonin. Kwana biyu zuwa uku kafin gwajin a bar ayaba, abarba, tumatir, yalo da fiya, domin suna ɗaga sakamakon a banza. Akwai gwajin jini mai suna kuromogiranin A. Shi kuma omifirazol da danginsa suna ɗaga shi ko babu ƙari, don haka ka gaya wa likita duk abin da kake sha, har na gargajiya. Kada ka daina maganin olsa da kanka saboda gwaji, likita ne zai tsara. Wanda ake zargin insulinoma, akan kwantar da shi a asibiti ya yi azumin da zai iya kai awa 72 a ƙarƙashin kulawa, ana auna suga da insulin. A asibiti kawai ake wannan. Kada kowa ya gwada a gida.

Sai hotuna. Hoton ciki na yau da kullum, wanda ake shafa mai a goga, sau da yawa ba ya ganin ƙaramin ƙari. Akan buƙaci siti-sikan ko em-ar-ai, da kuma endoskofi, wato siririn bututu mai kyamara da ake zurawa ta baki ko ta dubura. Akwai wani hoto na musamman da ake allurar sinadari mai neman waɗannan ƙwayoyi ya manne musu, su haska a na'ura. Ba ko'ina ake yinsa ba, likitanka ne zai ce ko ana buƙata.

Amma hukuncin ƙarshe yana hannun likitan nazarin tsoka, mai duba ɗan yankin nama a madubin ƙara girma. Shi zai tabbatar da irin ƙarin, ya kuma ba da wata lamba mai suna Ki-67, mai nuna saurin hayayyafar ƙwayoyin. Ƙasa da 3 cikin 100, daraja ta ɗaya, mai jinkiri. Daga 3 zuwa 20, daraja ta biyu. Sama da 20, daraja ta uku, mai sauri. Wannan lamba ce ke jan ragamar magani, don haka ka tambaye ta.

A nan ina da ƙorafi, kuma da mu nake. Ana yi wa mutum tiyatar afendis, a miƙo wa 'yan uwa abin da aka cire a cikin kwalba a ce a kai ɗakin gwaji. Sai a dubi kuɗin, a ce ai an riga an cire, mara lafiya ya tashi, a je a binne. Afendis na cikin wuraren da aka fi tsintar wannan ƙari ba zato. Idan ƙarami ne, cirewar ta wadatar. Idan babba ne, akwai sauran aiki. Wanda ya binne kwalbar ya binne amsar. Duk naman da aka cire daga jikin mutum, a kai shi gwaji, a kuma koma a karɓo sakamako.

Kashi na huɗu, magani, da inda za a nufa.

Idan ƙarin yana wuri ɗaya, tiyata ce gaba, kuma ita ke warkarwa. Mai ƙarin saman ƙoda sai an shirya shi da maganin musamman na mako ɗaya zuwa biyu kafin a taɓa shi, in ba haka ba jini na iya haurawa a kan gadon tiyata. Mai kasinoyid kuma, ko haƙori za a cire masa, ya sanar da likita tun kafin a fara.

Idan ya bazu, akwai allura mai suna oktiriyotayid, wadda aka fi sani da Sandostatin, da 'yar uwarta lanriyotayid. Ana yin mai dogon zango sau ɗaya duk mako huɗu. Tana rage zubar homon, zawo da zafin fuska su lafa, tana kuma rage saurin girman ƙarin. Tana da tsada ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. A firji ake ajiye ta, don haka da yanayin wutar lantarkinmu, a saya a kantin magani mai rajista, a duba lambar NAFDAC, a ɗauko ta cikin sanyi. Akwai ƙwayoyin sha irin su ebarolimus da sunitinib. Akwai kemo ga masu daraja ta uku. Akwai kuma sabon magani mai ɗauke da sinadarin lutetiyom 177, wanda ke bin jini ya manne wa ƙarin ya ƙone shi daga ciki; Amurka ta amince da shi a 2018.

Steve Jobs da na ambata, da duk dukiyarsa, ya jinkirta tiyata kusan wata tara yana gwada tsarin abinci da wasu hanyoyi, sai a 2004 aka yi masa. Jinkirin girman ƙarin dama ce ta yin magani a kan lokaci. Kada ta zama dalilin zama.

A Abuja, fara da asibitin da ke kusa da kai: Wuse, Asokoro, Maitama, Kubwa, Nyanya, Bwari ko Kuje. Ka kai littafinka, ka ce wa likita, "An yi mini maganin nan sau da yawa bai yi ba, ko za a duba wani dalili?" Ba rashin kunya ba ne, likita nagari zai ji daɗin tambayar. Idan ya ga akwai buƙata, zai rubuta takardar tura ka gaba: Asibitin Ƙasa da ke tsakiyar birni, mai sashen kansa da na gwajin nukiliya, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja a Gwagwalada, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Jabi. A 2025 kuma an buɗe babban asibitin da bankin Afreximbank ya gina tare da haɗin gwiwar asibitin King's College na Landan, kuma kansa na cikin manyan fannoninsa. Wannan ciwo ba na likita ɗaya ba ne. Likitan hanji, na tiyata, na homon, na kansa da na nazarin tsoka, sai sun haɗa kai.

Batun kuɗi, Asusun Tallafin Masu Kansa na gwamnatin tarayya ya fara ne da kansar nono, ta bakin mahaifa da ta furostet. Saboda haka ka tambayi ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin abin da ya shafe ka, kuma wanda bai shiga inshorar lafiya ba ya shiga tun yana da lafiya. Ina kuma kira ga cibiyar binciken kansa ta ƙasa, NICRAT, da ke nan Abuja, ta dubi masu irin waɗannan cututtuka da ba a cika jin muryarsu ba, musamman tsadar allurar wata-wata.

Abu guda game da iyali. Kaɗan daga cikin waɗannan ƙari gado ne, ta wata larura mai suna MEN1, inda kowane ɗa ke da rabin yiwuwar gadonta daga uba ko uwar da ke da ita. Idan a gidanku akwai masu tsakuwar ƙoda, da olsa mai taurin kai, da faɗuwar suga, ku faɗa wa likita.

Ranar 10 ga Nuwamba ta kowace shekara ita ce ranar wayar da kai kan wannan cuta a duniya, amma ba sai kun jira ta ba. Yau da daddare, a tattaro takardun asibiti da ke cikin durowa da ƙarƙashin katifa, sakamakon gwaji, hotuna, kwalayen magani, a zuba su a jaka ɗaya. Idan akwai wanda ciwonsa ke zuwa ya tafi ya dawo, a fara rubuta masa rana da lokaci, a kuma raka shi asibiti cikin wannan mako.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Sai mun sake saduwa a shiri na gaba. A huta lafiya.